Yadda ake bin takardun neman kuɗin bincike da horaswa na harkar bas da jirgin ƙasa a Amurka, daga rajista har rufe fayil

'Yan'uwa da ke karatu ko koyarwa a jami'o'in Amurka, da masu aiki a hukumomin bas na birane, da waɗanda suka kafa ƙungiyar koyar da sana'a, wannan bayanin naku ne. Akwai kuɗin da gwamnatin tarayya ke warewa duk shekara don bincike da horar da ma'aikata a harkar safarar jama'a, wato bas da jirgin ƙasa na cikin gari da motocin ɗaukar nakasassu da tsofaffi, kuma hukumar FTA, wato hukumar tarayya mai kula da safarar jama'a, ce ke rabawa, ita kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ta ƙasar. Abin da ke ci min rai shi ne mutanenmu na da ilimin, wallahi suna da shi, amma sai ka ga mutum ya zauna ya tsara bincike mai kyau ya kwana yana gyaran turanci, a ƙarshe ko karanta shi ba a yi ba saboda rajistar makarantarsu ta ƙare ko lambar da ya rubuta a fom ɗaya ta saɓa da ta ɗaya fom ɗin. Takardun nan suna farawa tun kafin a yi sanarwar kuɗi, kuma ba sa ƙarewa sai shekaru bayan an kashe kuɗin, to gara mutum ya san tsawon hanyar kafin ya sa ƙafa.

Da farko ka san wace ƙofa kake ƙwanƙwasawa

Ƙofofi biyu ne manya a dokar sufuri ta Amurka, kundi na 49. Sashe na 5312 shi ne na bincike da gwajin sabuwar fasaha, misali gwada bas mai lantarki ko sabon tsarin biyan kuɗin mota da waya ko manhajar kiran mota a unguwannin da bas ba ya shiga. A nan ne aka fitar da wani shiri na 2016 da aka raba kusan dala miliyan 8 ga ayyuka 11 don gwada haɗa bas da motocin haya na waya. Sashe na 5314 kuma na taimakon ƙwararru ne da horar da ma'aikata, direbobi, makanikai, masu gyaran layin dogo, masu tsara jadawali. Cibiyar horaswa ta ƙasa da ke jami'ar Rutgers a jihar New Jersey ma daga wannan sashen take cin abinci. A kundin tallafin gwamnati lambar na farko 20.530 ce, na biyu 20.531, ka rubuta su ka ajiye don da su za ka riƙa nema a shafin sanarwa, ya fi ka yi ta buga kalmomi kana samun tarkace.

Abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai: ba a ba mutum ɗaya wannan kuɗin. Ko kai furofesa ne, sunan jami'a ne zai hau takarda. Waɗanda doka ta yarda su nema su ne gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma, hukumomin safara, kamfanoni, ƙungiyoyin da ba na riba ba, jami'o'i da ƙananan kwalejojin fasaha, sannan kowace sanarwa tana iya ƙara taƙaitawa, wata ta ce sai hukumar bas ce kawai za ta jagoranta sauran su biyo ta a baya. Ɗalibi kuwa hanyarsa ita ce malaminsa da ofishin kula da tallafin bincike na makarantarsu. A ganina ma duk wanda bai taɓa yi ba kada ya fara da jagoranci, ya shiga a matsayin abokin aiki ƙarƙashin wata hukuma da ta saba, ya ga yadda ake rahoto da neman biya shekara ɗaya ko biyu, ba abin kunya ba ne.

Rajistar SAM.gov, inda yawanci ake maƙalewa

Babu abin da zai motsa sai ƙungiyarku na da rajista mai rai a SAM.gov, shafin da gwamnatin tarayya ke yi wa masu neman kuɗinta rajista. Kyauta ce, a maimaita, kyauta ce, domin da zarar kun yi rajista wasu za su fara turo imel mai kama da na gwamnati suna cewa a biya ɗaruruwan daloli a sabunta muku, 'yan kasuwa ne kawai, kada ku ba su ko sisi.

Abin da za ka tara kafin ka zauna gaban kwamfuta: lambar haraji ta ƙungiya da hukumar IRS ke bayarwa, takardar kafa ƙungiya ko kamfani daga jiha, adireshi na zahiri don ba sa karɓar akwatin gidan waya, lambar asusun banki da lambar bankin kansa saboda ta nan kuɗi zai shigo, sai akawun ɗin Login.gov, wato na shiga shafukan gwamnati, na wanda zai riƙe rajistar. Za su ba ku lamba mai haruffa da alƙaluma 12 da ake kira UEI, ita ce ta maye gurbin tsohuwar lambar DUNS tun 4 ga Afrilun 2022, saboda haka in ka ga wani bayani a intanet yana cewa ka je ka nemi DUNS ka san tsoho ne ka wuce.

To ga inda aikin yake. Sunan ƙungiya dole ya zama iri ɗaya sak a takardar jiha da ta haraji da ta banki da abin da ka buga a SAM. Na ga ƙungiyar da aka tsayar da rajistarta makonni saboda a takardar haraji an rubuta cikakken suna, a takardar banki an gajarta kalma ɗaya, sannan sun tashi daga ɗaki mai lamba kaza zuwa na kusa da shi a bene ɗaya ba su gyara ko'ina ba. Aka ce su kawo shaida, suka tura takardar wutar lantarki mai tsohon adireshi, aka sake dawo da su. Mu kuma da sunayenmu da ake rubutawa iri-iri, yau Muhammad gobe Mohammed, sai a ƙara kula da sunan wanda zai sa hannu, ya bi yadda yake a katin shaidarsa ko'ina. Rajistar shekara ɗaya take yi ta mutu, kuma dole ta kasance da rai ranar da kuka tura takarda, da lokacin da ake dubawa, da duk tsawon aikin. Ka sa ƙararrawa a waya wata biyu kafin ta ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai Grants.gov, shafin da ake tura takardar neman kuɗin ta cikinsa, shi wannan da sauƙi. Wanda aka rubuta a SAM a matsayin mai kula da harkar intanet ta ƙungiya shi ne zai ba wani izinin turawa da sunan ƙungiyar. Ka tabbata mutumin nan yana nan bai bar aiki ba kuma yana duba imel ɗinsa, shi ke nan.

Karanta sanarwa kamar mai neman laifi

In kuɗi ya fito ana buga sanarwa da suke kira NOFO a Grants.gov da shafin FTA, sau da yawa har da jaridar gwamnati ta Federal Register. Kada ka fara daga shafin farko inda ake ta zuba manufa. Tsallaka ka duba wa ya cancanta, nawa ne kason kuɗin aikin da ku za ku kawo daga ɓangarenku, wace rana da wane lokaci ake rufewa, sannan ma'aunin da za a auna takardu da shi. Rufewa yawanci ƙarfe 11:59 na dare ne agogon gabashin Amurka, wanda ke Chicago ko Houston ya rage awa ɗaya, na California ya rage uku, an sha yin asara a kan wannan ɗan lissafin.

Ma'aunin nan shi ne ƙashin bayan rubutunka. In sun jero abu biyar, ka amsa biyar ɗin da jerin da suka kawo su da irin kalmominsu, saboda mai dubawa yana da tulin takardu gabansa da fom ɗin ba da maki, ba zai tsaya farautar amsarka a shafi na tara ba. Kuma abin da gwamnati ke fifitawa yana canzawa in shugabanci ya canza, don haka kada ka ɗauko takardar wani da ta ci shekara uku da suka wuce ka kwafe salonta, sanarwar bana ita ce alƙali.

Kason da za ku kawo

Wannan ne ke kashe wa ƙananan ƙungiyoyi gwiwa, gara a faɗe shi a fili. A sashe na 5312 gwamnatin tarayya ba ta wuce kashi 80 cikin 100 na kuɗin aiki a ƙa'ida, ku za ku kawo 20. A ɓangaren horar da ma'aikata na 5314 doka ta sa rabi da rabi ne. Lissafin kuma a kan jimillar aiki ake yi ba a kan abin da aka ba ku ba, nan mutane ke kuskure. In aikin gaba ɗaya dala 500,000 ne, FTA ta ba da 400,000 ku kawo 100,000. In kuwa 500,000 ɗin kuke so daga hannun FTA to aikin ya zama 625,000 naku 125,000.

Ana iya kawo kason da tsabar kuɗi, ana iya kawo shi da abin da ba kuɗi ba kamar lokacin ma'aikata ko ɗakin horaswa ko bas da hukuma ta bayar a yi gwaji da ita, amma kowanne sai an kimanta shi da hujja an rubuta. Kuɗin wata hukumar tarayya ba ya zama kasonku sai in doka ta ba da izini musamman. Kuma a samo wasiƙar alkawari daga duk wanda ya ce zai ba da wani abu, a kan takardar ofishinsu, da adadi a rubuce, da sa hannun wanda ke da ikon sakin kuɗin. Wasiƙar da ta ce muna goyon bayan wannan aiki mai albarka ba tare da adadi ba, ado ce kawai.

Ga hukumomin bas da suka riga suna karɓar kuɗin FTA na yau da kullum akwai wata 'yar hanya da ba a cika lura da ita ba: doka ta yarda su ɗebi har kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin sassa 5307 da 5337 da 5339 su yi horaswa da shi. Sannan dokar manyan ayyuka da shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 15 ga Nuwamban 2021 ta ce a ware kashi 5 cikin 100 na tallafin sayen bas marasa hayaƙi don horar da ma'aikata. Mai ƙungiyar koyar da kanikanci ya je ya zauna da hukumar bas ta garinsu a kan wannan, wani lokaci ya fi gasar ƙasa baki ɗaya sauƙi.

Cike fom

Fom na farko SF-424 ne, shafuka kaɗan, sunan ƙungiya, lambar UEI, lambar haraji, mazaɓar ɗan majalisar tarayya da kuke ciki, sunan aiki, ranar farawa da gamawa, kuɗin tarayya da naku. Sai FTA ta haɗa da nata ƙarin fom ɗin na musamman ga kowace sanarwa wanda ake liƙawa a jikin na farkon. Ka sauke shi a kwamfuta ka buɗe da Adobe Reader, kada ka cike shi a cikin burauza, kada kuma ka buga shi a takarda ka cike da biro ka yi sikanin, na'ura ce ke zuƙe bayanan daga cikin akwatunan, hoto ba ya mata amfani. Suna faɗa ƙarara cewa kada a rubuta “a duba takardar da ke haɗe” a madadin amsa, kowane akwati a cike shi. Akwai maɓallin tantancewa a jikin fom ɗin, ka danna shi kafin ka liƙa. Sannan ka ɗauki biro ka gwada adadin kuɗin da ke SF-424 da na ƙarin fom da na jadawalin kasafi, dala ɗaya kada ta bambanta.

Kasafin kansa ana raba shi gida-gida, albashi, alawus ɗin ma'aikata, tafiye-tafiye, kayan aiki, kayan amfanin yau da kullum, kwantiragi, sai kuɗin gudanarwa na bayan fage irin wuta da haya da akanta. Dokar da ke mulkin duk wannan ita ce 2 CFR 200, kuma an yi mata gyara da ya fara aiki 1 ga Oktoban 2024. Ƙungiyar da ba ta da yarjejeniyar kason gudanarwa da gwamnati tana iya ɗaukar har kashi 15 cikin 100, da can 10 ne. Abin da ake kira kayan aiki yanzu sai ya kai dala 10,000, da can 5,000 ne. Jami'o'i suna da nasu kason da suka daidaita da gwamnati kuma yana da yawa, ka tambayi ofishinku tun kafin ka fara lissafi in ba haka ba za ka tsara aikin da kuɗin ba zai isa ba. Giya, shagali, da kuɗin zawarcin 'yan majalisa ba sa shiga. In tallafin ya wuce dala 100,000 akwai shaidar da za ku sa wa hannu kan zawarcin 'yan majalisa, in kuma kun biya wani ya yi muku da kuɗinku sai ku cike SF-LLL.

Sauran abin da ake haɗawa ya danganta da sanarwa, amma a shirya bayanin aiki da jadawalin lokaci, tarihin aikin manyan ma'aikata, wasiƙun abokan aiki, da tsarin kula da bayanai. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Ma'aikatar sufuri na so sakamakon binciken da aka yi da kuɗin jama'a ya zama jama'a na iya gani, rahotanni na shiga rumbun ROSA P na laburaren sufuri na ƙasa. In za ku yi aiki da kamfanin manhaja, tun yanzu a rubuta a yarjejeniya cewa zai ba da bayanan tafiye-tafiye, saboda doka ta ce a auna ayyukan gwaji na 5312 cikin shekara biyu, kuma masu aunawar za su nemi alƙaluma. Kamfani in ya riga ya karɓi kwantiragi sannan ka zo kana roƙon bayanai zai ce sirrin kasuwanci ne.

FTA da kanta tana ba da shawarar a tura aƙalla awa 72 kafin rufewa. Dalili shi ne bayan ka tura saƙo biyu ne za su zo, na farko an karɓa, na biyu an tantance ko an ƙi, na biyun kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya tura ƙarfe goma sha ɗaya na daren ƙarshe ya ga saƙon farko ya kwanta da murna, washegari ya tarar an ƙi saboda sunan fayil na da wata alama da na'ura ba ta so, to sai dai haƙuri.

An zaɓe ku, amma kuɗi bai zo ba tukuna

Ganin sunanku a jerin waɗanda suka ci ba shi ne yarjejeniya ba. Yanzu za a koma wani shafin, TrAMS, inda FTA ke sarrafa duk tallafinta, a sake gina takardar a ciki tare da jami'in da aka ba aikinku. Sabuwar ƙungiya sai ta kawo takardar lauya da ke cewa tana da hurumin karɓar kuɗin da yin aikin, da ƙudurin hukumar gudanarwarta da ya ba wane izinin sa hannu. A cikin TrAMS kowa da matsayinsa, mai shiryawa, mai turawa, babban jami'i, lauya, mai rahoton kuɗi, mai rahoton aiki, kuma mai turawa da babban jami'i da lauya kowanne da lambar sirrinsa. Kada a yi aron lamba don sauri, sa hannu ne a gaban doka.

Duk shekara akwai jerin alkawura da shaidu da babban jami'i da lauya ke sa wa hannu, sannan akwai babbar yarjejeniyar FTA da ke hawa kanku kai tsaye ko kun karanta ko ba ku karanta ba. Ku karanta. A ciki ne za ku ga hana wariya a ƙarƙashin dokar 'yancin jama'a ta 1964, dokar nakasassu ta 1990, sharaɗin sayen ƙarfe da kayan da aka ƙera a Amurka, sharaɗin hawa jirgin saman Amurka in tafiya waje ta kama, da abin da za a yi in bincike ya haifar da sabuwar ƙirƙira a ƙarƙashin dokar 1980 da ta ba jami'o'i da ƙananan kamfanoni damar riƙe haƙƙin mallaka muddin sun sanar da gwamnati. Ƙarya a waɗannan takardu laifi ne na tarayya, kuma ga wanda ke zaune da biza ko katin zama ba sai na faɗi abin da hakan ke jawowa ba. Littafin jagorar da FTA ta fitar don irin waɗannan ayyuka shi ne mai lamba 6100.1E na 2015, a haɗa shi da sabuwar 2 CFR 200 saboda wasu adadin sun canza.

Yawancin kuɗin bincike ba kyauta ce a ba ka a juya baya ba, yarjejeniyar haɗin gwiwa ce, jami'in FTA zai riƙa shiga taro yana duba abin da kuka kawo yana amincewa ko ya mayar. Kuma kada a kashe ko dala ɗaya kafin a sa hannu sai in an ba ku izinin fara kashewa a rubuce. Abin da aka saya kafin nan daga aljihunku ya fita.

In binciken ya shafi mutane, hira da fasinjoji ko gwada direbobi, sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince tukuna, ƙa'idar na 49 CFR kashi na 11. Akwai kuma wani tarko da ko tsofaffin hannu na mantawa da shi. Dokar rage yawan takardu ta 1980 da aka sabunta a 1995 ta ce hukumar tarayya ba ta da ikon yi wa mutum goma ko fiye tambayoyi iri ɗaya sai ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa, OMB, ya amince ya ba da lamba. To in FTA ce ta sa ku yin tambayoyin ko ita ke amincewa da su a ƙarƙashin haɗin gwiwa, takardar tambayoyinku na iya faɗawa cikin wannan doka, amincewar kuma na cin watanni saboda sai an yi sanarwar kwana 60 sannan ta kwana 30 don jin ra'ayin jama'a. Ka tambayi jami'inku wannan a taron farko, kafin ka ɗauki ɗalibai aikin raba takardu a tashar bas.

Wannan dokar dai ita ce ta sa kake ganin lambar OMB a saman kowane fom. Izinin ba ya wuce shekara uku, in zai ƙare FTA na buga sanarwa ta faɗi awa nawa take ganin cike takardunta ke ci, ta nemi ra'ayi. Ni ina ganin ya kamata ƙananan ƙungiyoyi su riƙa rubuta ra'ayinsu a regulations.gov, shafin da gwamnati ke karɓar ra'ayin jama'a, domin manyan jami'o'i na da ofis guda na wannan aikin, ku kuwa mutum ɗaya ne ke koyarwa da rana ya cike rahoto da dare, in ba ku faɗa ba babu mai sanin nauyin.

Biya da rahoto

Ku fara kashewa sannan a mayar muku, kamar ɗan aike da ya yi cefane da kuɗinsa ya dawo da risit. Saboda haka sai ƙungiya na da abin da za ta riƙe albashin wata biyu ko uku da shi. Ayyukan bincike yawanci ta shafin Delphi na ma'aikatar sufuri ake tura takardar neman biya da fom SF-270 da hujjoji, hukumomin bas kuma sun saba da ECHO, yarjejeniyarku za ta faɗi wanne ne naku. A buɗe wa aikin lambar lissafi tasa daban tun ranar farko. Kowane ma'aikaci da ake biya daga ciki ya riƙa rubuta lokacin da ya yi wa aikin, a lokacin, ba a zauna ƙarshen shekara a ƙirƙiro ba, masu binciken kuɗi na gane takardar da aka cike rana ɗaya da biro ɗaya. Kason naku ma haka ake bin sa da risit.

Rahoto iri biyu ne a TrAMS, na kuɗi wato SF-425 da na ci gaban aiki, galibi duk wata uku, kwana 30 bayan ƙarshen zangon. Shekarar kuɗin gwamnati na farawa 1 ga Oktoba, don haka ranakun su ne 30 ga Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. In an samu jinkiri a faɗa, a faɗi dalili da sabuwar rana, bas ɗin gwaji bai iso ba, an kasa samun ɗalibai a zagayen farko, duk abu ne da suka saba ji. Abin da ba sa yafewa shi ne rahoto uku na komai lafiya sannan a wata na ƙarshe a ce ba a yi rabi ba. Canza manufar aiki, canza jagoran bincike, jagora ya yi nesa da aikin fiye da wata uku ko ya rage lokacinsa da kashi 25 cikin 100, duk sai an nemi izini a rubuce kafin a yi. Wanda ke shirin dogon hutu a gida ya lissafa da wannan. In kun ba wata ƙungiya wani ɓangare na kuɗin da ya kai dala 30,000 sai kun kai rahotonsa, kuma ku ne da alhakin sa mata ido. Ƙungiyar da ta kashe dala miliyan 1 ko fiye na kuɗin tarayya a shekara, daga kowace hukuma aka haɗa, dole a yi mata babban binciken kuɗi na shekara, da can 750,000 ne.

Masu horaswa kuma su tanadi rajistar mahalarta da sa hannunsu, wa ya fara, wa ya gama, wa ya samu takardar shaida, wa ya samu aiki kuma a ina. A karɓi lambar waya da imel na dindindin tun ranar shiga, bayan wata shida nemo mutum aiki ne.

Rufewa

Kwana 120 kuke da su bayan ƙarshen wa'adin aiki ku kawo rahoton kuɗi na ƙarshe da na aiki, ku biya duk bashin da aikin ya ci, ku mayar da abin da ya rage. In kuna buƙatar ƙarin lokaci a nema kafin wa'adin ya cika, bayan ya cika magana ta canza. Rahoton bincike na ƙarshe sai ya bi tsarin FTA kuma ya zama makaho na iya karanta shi da na'urarsa kamar yadda sashe na 508 na wata dokar tarayya kan nakasassu ya tanada, kowane hoto da jadawali da bayaninsa a rubuce, wannan aikin na cin lokaci sosai, a sa shi a kasafi tun farko. Kayan aikin da darajarsa ta haura dala 10,000 a lokacin rufewa sai an tambayi FTA yadda za a yi da shi kafin a sayar ko a mayar wani aikin. Takardu duka, risit, takardun lokacin ma'aikata, kwantiragi, imel ɗin amincewa, a ajiye su shekara uku daga ranar da aka tura rahoton kuɗi na ƙarshe, in kuma akwai bincike ko shari'a da ba a gama ba a ci gaba da riƙewa har a gama. A ajiye su a rumbun ƙungiya inda mutum biyu aƙalla ke da fasawod, ba a laftof ɗin ɗalibin da zai kammala ya tafi ba.